Hasashen Oscar: Amsoshin Tambayoyin da Masu Bibiyar Kakar Lambobin Yabo Suka Fi Yi

Duk shekara, da zarar Satumba ta kama, sai ka ga jaridun harkar fim na Amurka sun cika da jerin sunaye: wannan fim ne kan gaba, wancan ya fara sanyi, wance ta kama hanyar lashe kyautar jaruma. Wanda bai saba ba sai ya ɗauka shaci-faɗi ne kawai, ko kuma wasu ne ke da labarin sirri. Ga tambayoyin da suka fi yawan dawowa a bakin masu son fahimtar wannan harka, daga na farko-farko zuwa masu zurfi.

Mece ce kakar lambobin yabo, kuma yaushe take farawa?

Watanni ne kamar shida da ake jera bukukuwan karrama finafinan shekara, ɗaya bayan ɗaya, har a kai ga Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka. Ana buɗe ta a ƙarshen Agusta da farkon Satumba da bukukuwan baje kolin finafinai na Venice a Italiya, da Telluride a jihar Colorado ta Amurka, da Toronto a Kanada. A Disamba ƙungiyoyin masu sharhi na New York da Los Angeles su faɗi gwanayensu. Janairu na Golden Globe ne da sanar da 'yan takarar Oscar, Fabrairu kuma na ƙungiyoyin ma'aikatan fim ne da kyautar BAFTA ta Birtaniya. Oscar kanta takan zo a ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris.

Akwai abin da ke yawan rikita mutane: bikin da aka yi a 2020, finafinan 2019 ya karrama. A nan duk inda aka ambaci shekarar lashe kyauta, shekarar bikin ake nufi.

Su waye ke jefa ƙuri'a a Oscar?

Mambobin Akademin fasaha da kimiyyar finafinai ne, wadda aka kafa a 1927, ta kuma yi bikinta na farko ranar 16 ga Mayu, 1929. Yau masu ƙuri'a sun kai kimanin 10,000, kuma dukansu ma'aikatan fim ne: jarumai, daraktoci, furodusoshi, marubuta, masu ɗaukar hoto, masu tace hoto, masu haɗa sauti, masu kwalliya da sauransu. Ba a neman shiga da kai, gayyatar mutum ake yi. An kasa su rassa-rassa gwargwadon sana'a, kuma reshen jarumai ne mafi girma, da mambobi sama da 1,000.

Zaɓen zagaye biyu ne. A na farko, kowane reshe shi ke fitar da 'yan takarar sana'arsa: daraktoci su zaɓi daraktoci, masu tace hoto su zaɓi nasu. Rukunin gwarzon fim ne kowa da kowa ke da hannu a ciki tun daga farko. A zagaye na biyu kuwa, duk mamba yana iya zaɓe a kowane rukuni. Daga bikin 2026 an ƙara sharaɗin sai mutum ya kalli duk finafinan da ke takara a rukuni kafin ya yi zaɓen ƙarshe a cikinsa.

Wannan amsar ita ce ginshiƙin duk sauran. Mai hasashe ba ya tambayar wane fim ya fi kyau. Yana tambayar su waye ke riƙe da ƙuri'a a wannan rukunin, me suka kalla, kuma yaya za a ƙirga abin da suka rubuta.

Kowane fim ne ke iya shiga takara?

A'a. A manyan rukunan, sai fim ya haura minti 40, kuma an haska shi a sinima kwana 7 a jere cikin shekarar, a ɗaya daga cikin manyan yankunan Amurka da Akademi ta ware, irin su Los Angeles, New York, Chicago da Atlanta. Mai neman gwarzon fim yana da ƙarin nauyi tun daga finafinan 2024: sai an sake haska shi na wasu kwana 7 a birane 10 daga cikin manyan kasuwannin sinima 50 na ƙasar. Haka nan sai ya cika biyu daga cikin sharuɗɗa huɗu na damawa da mata da tsiraru, ko a gaban kyamara ko a bayanta. Shi ya sa in kamfani ya ɗage fitar da fim zuwa Janairu, nan take masu hasashe ke goge shi daga lissafin bana.

Ta yaya ake saka fim a jerin masu takara tun ba wanda ya gan shi?

Da alamomi huɗu ko biyar. Wane ne daraktan, kuma ya taɓa shiga takara? Wane kamfani ne zai rarraba fim ɗin, kuma yana da tarihin tsayawa tsayin daka a kamfe? Wane wata aka sa masa? Kamfanin da ya ajiye fim zuwa Oktoba ko Nuwamba yana nuna cewa da Oscar a ransa, domin yana son fim ɗin ya kasance sabo a ƙwaƙwalwar masu zaɓe. Sai kuma irin labarin: tarihin rayuwar wani sananne, yaƙi, ko jarumin da ya sauya kamanninsa gaba ɗaya.

Amma jerin da ake fitarwa a Afrilu ko Yuni ba hasashe ne na gaske ba, jerin abubuwan da za a sa wa ido ne. Rabin sunayen kan zube da zarar an haska finafinan. Kuma al'adar ƙarshen shekara ta yi sassauci: Everything Everywhere All at Once ya fito tun Maris 2022, ya kwashi kyauta 7 a 2023, sannan Oppenheimer ya fito a Yulin 2023, ya kwashi 7 a 2024.

Me ya sa ake ba bukukuwan baje koli muhimmanci haka?

Domin a nan ake fara ganin fim da ido, ana jin yadda zaure ya karɓe shi. Kowane biki da irin abin da yake nunawa. A Venice da Cannes ta Faransa, alƙalai 'yan ƙalilan ne ke ba da kyauta, galibinsu daraktoci da jarumai daga ƙasashe daban-daban. Telluride ba ta yin gasa kwata-kwata, amma 'yan Akademi da 'yan jarida suna cika ƙaramin garin na kwanaki kaɗan, kuma maganar da ta fito daga can tana tafiya da sauri.

Toronto ta fi amfani ga mai hasashe saboda kyautarta mafi girma 'yan kallo ne ke zaɓa, kuma ɗanɗanonsu ya fi kusa da na Akademi fiye da na alƙalai. Slumdog Millionaire, The King's Speech, 12 Years a Slave, Green Book da Nomadland duk sun ɗauki wannan kyauta kafin su zama gwarzon fim. Ita ma Cannes, wadda a da ake ganin ta yi wuri da yawa tunda a Mayu ake yin ta, darajarta ta ɗaga: Parasite da Anora sun lashe babbar kyautarta, suka zo suka lashe Oscar a 2020 da 2025. Dalilin wannan sauyi yana cikin amsar da ta shafi sabbin mambobi.

Abu guda da ban ba shi nauyi ba shi ne tsawon tafi. Za ka ji an ce an tsaya ana tafa wa fim minti kaza. Masu fim ɗin suna cikin zauren, kyamara na kansu, kuma kowace jarida da lokacin da ta fara ƙirgawa.

Yaya ake ƙirga ƙuri'un fitar da 'yan takara?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar a zauna a kanta. Mai zaɓe ba suna ɗaya yake rubutawa ba, jeri yake yi daga na ɗaya zuwa na biyar. Amma ƙuri'arsa guda ce, kuma tana zaune kan wanda ya sa a sama, sai in wannan ya faɗi.

Mu ɗauka, don misali kawai, reshe ya jefa ƙuri'a 600 kuma gurbi biyar ake cikewa. Ana raba 600 gida shida, a ƙara ɗaya, sai a samu 101. Duk wanda mutum 101 suka sa a matsayi na ɗaya ya shiga, ba sai an duba komai ba. Daga nan sai a waiwayi wanda ya fi ƙarancin ƙuri'un farko, a cire shi, a ɗauki takardunsa ɗaya bayan ɗaya a miƙa wa sunan da ke biye a kowace takarda. Haka za a yi ta yi har a cike gurbi biyar. Yanzu ka kwatanta jarumai biyu. Ta farko kusan kowa ya sa ta a jerinsa, amma a matsayi na uku ko na huɗu, mutum 20 kacal suka sa ta a sama. Ta biyu kuwa yawancin reshen ba su ma kalli fim ɗinta ba, amma mutum 95 sun ce ita ce ta ɗaya. Ta farko tana iya faɗuwa tun kafin a iso inda aka rubuta sunanta. Ta biyu saura mata ƙuri'a shida.

Ke nan a wannan zagaye, ƙaunar mutane kaɗan ta fi yabon jama'a da yawa. Duk lokacin da aka wayi gari ana mamakin yadda aka tsallake wani da ya bayyana a kowace kyauta ta share fage, ko yadda wani ƙaramin fim ya kutso, wannan lissafin ne ke aiki. In kana hasashe, ka tambayi kanka game da kowane suna: su waye za su rubuta shi a layin farko?

Haka ake ƙirga na wanda ya lashe?

A duk rukunan ban da ɗaya, wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci, ko da bai kai rabi ba. Gwarzon fim ne ya bambanta. Tun daga bikin 2010, mai zaɓe yana jera finafinan daga wanda ya fi so zuwa wanda ya fi ƙi, kuma sai fim ya haura rabin ƙuri'u. A misali, masu zaɓe 100 da finafinai huɗu: na farko 35, na biyu 30, na uku 20, na huɗu 15. An cire na huɗu, 11 daga takardunsa suka koma na biyu, 4 suka koma na farko. An cire na uku, 13 suka koma na biyu, 7 suka koma na farko. Wanda ya faro a baya ya ƙare da 54, wanda ya faro a gaba ya tsaya a 46.

A nan lissafin ya juya. Fim mai raba kawuna, wanda wasu ke mutuwar so wasu kuma ba sa son jin sunansa, yana shiga takara cikin sauƙi amma yana shan wuya wajen lashewa. Wanda kowa ke sa wa a na biyu ko na uku shi ne abin tsoro. Yawan finafinan ma ya sha sauyi: an mai da su 10 a bikin 2010, aka koma tsakanin 5 da 10 daga 2012, sannan aka tsaida su 10 cif daga 2022. Kamfanin akantoci na PwC ne ke ƙirgar, kuma ba a taɓa bayyana yawan ƙuri'un da kowa ya samu. Saboda haka duk wanda ya ce maka wani fim da ƙyar ya sha, ra'ayinsa yake faɗa.

Wanda ya ci Golden Globe ya kama hanyar Oscar ke nan?

Ba lallai ba. Masu zaɓen Golden Globe 'yan jarida ne, ba 'yan Akademi ba. Shekaru da yawa ƙungiyar da ke ba da ita ba ta kai mutum 100 ba. A 2021 jaridar Los Angeles Times ta fallasa cewa babu baƙar fata ko ɗaya a cikinta, tashar NBC ta ƙi haska bikin 2022, aka rusa ƙungiyar a 2023, aka faɗaɗa masu zaɓe zuwa kimanin 300 daga ƙasashe da dama. Sannan tana raba finafinai gida biyu, na dirama da na barkwanci ko waƙa, don haka takan fitar da gwanaye biyu inda Oscar ke da gurbi ɗaya.

Amfaninta yana wajen lokaci. Ana yin ta gab da zaɓen 'yan takara, a talabijin, gaban miliyoyi. Ɗan Akademin da finafinai suka taru masa bai kalla ba, in ya ga jaruma ta hau dandamali ta yi jawabi mai taɓa zuciya, fim ɗinta zai fara kunnawa. Fernanda Torres ta Brazil ta ci Golden Globe a Janairun 2025, makonni kaɗan bayan haka ta shiga takarar Oscar, fim ɗinta ma ya samu gurbi a gwarzon fim.

To waɗanne kyaututtuka ne suka fi nuna inda aka dosa?

Na ƙungiyoyin ma'aikata, saboda wasu mambobinsu su ne dai 'yan Akademi. Ƙungiyar daraktoci, DGA, ita ce zakaran gwajin dafi: tun 1948 da ta fara, lokutan da gwaninta ya kasa ɗaukar Oscar ba su kai goma ba. Biyu na baya-bayan nan su ne Ben Affleck a 2013, wanda reshen daraktoci bai ma tsayar da shi ba, da Sam Mendes a 2020, da Bong Joon-ho ya doke. Ƙungiyar furodusoshi, PGA, tana amfani da irin ƙirgar gwarzon fim da aka bayyana a sama, shi ya sa ake sa mata ido kan gwarzon fim, duk da ta saɓa da Oscar a 2016 da 2017 da 2020.

Ƙungiyar jarumai, SAG, tana nuna inda zuciyar reshe mafi girma ta karkata, amma mambobinta sun haura 100,000, har da 'yan talabijin da rediyo, don haka ta fi Akademi son finafinan da suka yi farin jini. Ta marubuta, WGA, tana da naƙasu: ba ta karɓar rubutun da ba a yi ƙarƙashin yarjejeniyarta ba, shi ya sa duk shekara wasu manyan 'yan takara ba sa cikin jerinta. Rashin ganin suna a can ba ya nufin komai sai ka tabbatar ya cancanci shiga tun asali. BAFTA kuma ita ce tagar da ake leƙa ra'ayin 'yan Akademi mazauna Birtaniya da Turai. Nasarar Anthony Hopkins a 2021, lokacin da kusan kowa ya sa ran marigayi Chadwick Boseman, ta fara bayyana ne a BAFTA.

Masu sharhi fa, ina matsayinsu?

Ba su da ƙuri'a. Aikinsu shi ne ɗaga fim ɗin da ba shi da kuɗin talla har masu zaɓe su lura da shi. Drive My Car na Japan, mai tsawon kusan awa uku, ya shiga takarar gwarzon fim a 2022 bayan masu sharhin New York da Los Angeles duk sun zaɓe shi. Amma wajen wanda zai lashe, sau da yawa suna gabas Akademi na yamma. The Social Network ya share kusan duk kyaututtukansu, da ƙungiyoyin ma'aikata suka fara magana a Janairun 2011 sai iska ta koma kan The King's Speech.

Gaskiya ne da kuɗi ake sayen Oscar?

Ba a sayen ƙuri'a, amma ana kashe miliyoyin daloli don a sa mutum ya kalli fim. Finafinan da suka cancanci shiga duk shekara sun kai ɗaruruwa, kuma mai zaɓe ma'aikaci ne mai nasa aikin. Kamfe ya ƙunshi tallace-tallace a mujallun Variety da The Hollywood Reporter, allunan titi a Los Angeles, haska fim ga mambobi tare da zaman tambaya da amsa, da yawo da jarumai daga wannan hira zuwa waccan har tsawon watanni. Mutane da yawa suna ɗaukar 1999 a matsayin shekarar da salon ya sauya, lokacin da kamfanin Miramax ya tura Shakespeare in Love har ya doke Saving Private Ryan.

Ga mai hasashe, abin dubawa shi ne inda kamfani ya sa ƙarfinsa. In yana da finafinai uku, ba zai yi musu hidima daidai ba, kuma zuwa Nuwamba za ka gane wanne ne ɗan lele. Kuɗi kuma ba su ne komai ba. Andrea Riseborough ta shiga takarar jaruma a 2023 da fim ɗin da kusan ba wanda ya gani a sinima, bayan fitattun jarumai sun yi ta yabonta a shafukan sada zumunta a daidai makon zaɓe. Akademi ta binciki lamarin, ta bar mata gurbinta, sannan ta tsaurara dokokin kamfe. Wannan shi ne lissafin layin farko da aka yi bayani a amsar ƙirga, a aikace.

Akwai kuma abin da masu harkar ke kira labarin ɗan takara: wane ya daɗe yana nema bai samu ba, wance ta dawo bayan an manta da ita. Yana tasiri, kamar yadda ya yi wa Leonardo DiCaprio a 2016. Amma bai isa shi kaɗai ba. Glenn Close ta shiga takara sau 8 ba ta ɗauka ba, kuma a 2019, da kowa ya ce lokacinta ya yi, ta leƙo ta koma, Olivia Colman ce ta tafi da kyautar.

Wa ke yanke cewa wannan babban jarumi ne, wancan mataimaki?

Kamfani yana ba da shawara a tallansa, amma masu zaɓe ne ke da ta cewa. Kamfanoni kan tura wanda ya ja rabin fim zuwa rukunin mataimaki don ya samu sauƙin hanya, ko don kada jarumai biyu na fim ɗaya su raba ƙuri'a. Galibi reshen yana bin shawarar. Wani lokaci yakan ƙi: an yi wa Kate Winslet kamfe a matsayin mataimakiya a The Reader, aka tsayar da ita babbar jaruma a 2009, kuma ta ci. LaKeith Stanfield kuwa an tallata shi a babban jarumi, ya ɓullo a mataimaki a 2021. In ka ga kyaututtukan share fage sun saka mutum a rukunai daban-daban, ka rage masa maki, domin ƙuri'unsa na iya rabuwa.

Ana cewa fim ba ya cin gwarzo sai yana da takarar darakta da ta tace hoto. Haka ne?

Alamu ne masu ƙarfi, ba dokoki ba ne. Sama da shekara 30 a jere duk gwarzon fim yana da takarar tace hoto, sai Birdman ya karya wannan a 2015. Rashin takarar darakta bai hana Argo a 2013 da Green Book a 2019 ba. CODA ya ci a 2022 ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun, da takara 3 kacal. Dalilin da ya sa alamun ke aiki shi ne suna nuna fim yana da masoya a rassa da yawa. In ka samu wannan shaidar ta wata hanya, kamar nasarar CODA a PGA da SAG, to alamar ta gama aikinta. Kuskuren da aka fi yi shi ne riƙe ƙididdigar da aka tara lokacin da Akademi ke da wasu mutane daban, ana auna Akademin yau da ita.

Fim ɗin da ya fi yawan takara shi ne kan gaba?

Sau da yawa, amma yawan takara yana auna faɗin aikin fim ne: kaya, sauti, kiɗa, kwalliya. La La Land ya samu 14 bai ci gwarzo ba a 2017. The Power of the Dog ya samu 12 ya tashi da 1. The Irishman ya samu 10 ya tashi a tutar babu. Emilia Pérez ya samu 13 a 2025, sai tsoffin rubuce-rubucen jarumarsa a intanet suka tayar da ƙura tsakanin zagaye na farko da na biyu, ya ƙare da 2. Makonnin nan na tsakani kaka ce mai zaman kanta, kuma wanda ya rufe hasashensa ranar sanar da 'yan takara ya yi gaggawa.

Me ya sa finafinan da ba na Turanci ba suka fara samun gurbi sosai?

Saboda masu zaɓen sun sauya. A 2015 da 2016 duk jarumai 20 da aka tsayar farare ne, aka yi ta suka, Akademi ta yi alƙawarin ninka yawan mata da tsiraru kafin 2020. Ta gayyaci mutum 683 a 2016, 774 a 2017, 928 a 2018, kuma kaso mai tsoka daga wajen Amurka suke. Waɗannan mutane suna zuwa Cannes da Venice da Berlin, kuma karanta fassara a ƙasan allo ba ya damunsu. Parasite na Koriya ta Kudu ya zama fim na farko da ba na Turanci ba da ya ci gwarzo.

Reshen daraktoci ne ya fi nuna wannan. Paweł Pawlikowski a 2019, Thomas Vinterberg a 2021, Ryusuke Hamaguchi a 2022, Justine Triet a 2024, duk sun shiga alhali DGA ba ta tsayar da su ba. A ganina, wanda ya kwafi sunaye biyar na DGA ya manna a hasashensa na darakta bai karanci shekarun nan ba. Ka bar gurbi ɗaya ga wanda ya yi tashe a Turai ko Asiya.

Yaya rukunin fim na ƙasashen waje yake aiki?

Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne kowace ƙasa ta turo fim ɗaya ta hannun kwamitinta, kuma fiye da rabin maganar cikinsa ta kasance ba da Turanci ba. Daga ciki a tace 15 a Disamba, sannan a fitar da 5 a Janairu. Hasashe a nan hawa biyu ne, domin sai ka fara cankar abin da kwamitin ƙasar zai yi. Faransa ta ƙi tura Anatomy of a Fall duk da ya ci babbar kyautar Cannes a 2023. Wanda ta tura bai shiga biyar ɗin ƙarshe ba, shi kuwa wanda aka bari ya samu takara 5 a wasu rukunan, ya ci kyautar rubutun labari.

Waɗanne rukunai ne suka fi wuyar hasashe?

Gajerun finafinai da finafinan gaskiya, wato waɗanda ba ƙagaggen labari ba ne, domin kyaututtukan share fagensu kaɗan ne, kuma reshen finafinan gaskiya ya sha tsallake wanda ya fi suna. Abin da ke taimakawa shi ne jerin tacewa na Disamba, wanda ya shafi waɗannan rukunan da kuma kiɗa, waƙa, sauti, kwalliya da siddabarun kwamfuta. Jerin yana da wani amfani na biyu da ba kowa ke lura da shi ba: fim ɗin da ya bayyana a wuraren da ba a zata ba, alama ce rassa da yawa sun kalle shi. All Quiet on the Western Front na Jamus ya fara nuna ƙarfinsa ta nan a Disambar 2022, kafin ya samu takara 9. Sabon rukunin zaɓen jarumai, wato kyautar masu zaɓo waɗanda za su fito a fim, da aka fara a bikin 2026, shi ma yana da wuya tunda ba shi da tarihin da za a jingina da shi.

In ina son in fara nawa hasashen, ta ina zan kama?

Ka kalli finafinan, sannan ka rubuta jeri biyu daban: wanda kake so, da wanda kake zaton za a zaɓa. Cakuɗa su shi ne abin da ya fi kayar da mutane, har da ƙwararru. Shafin Gold Derby yana tara hasashen 'yan jarida da na masu bibiya wuri ɗaya, kuma yana da kyau don ganin inda ra'ayi ya taru. Sai dai ka sani masu hasashe suna karanta juna, don haka haɗuwar bakinsu ba ta nufin shaidu masu yawa. Haka nan hirarrakin da ake yi da masu zaɓe a ɓoye sunansu suna da daɗin karatu, amma mutum biyar ko goma ne cikin dubbai.

A kowane rukuni mai gurbi biyar, uku sukan fito fili zuwa tsakiyar Janairu, su ne waɗanda suka bayyana a SAG da BAFTA da Golden Globe gaba ɗaya. Aikin yana kan biyun ƙarshe. A nan ka fifita wanda fim ɗinsa ke da ƙarfi a takarar gwarzo, domin shi aka fi kallo, da wanda ke da masoyan da za su sa shi a layin farko, ko da bai fito a ko'ina ba. Ka riƙa rubuta kwanan wata da dalilin duk sauyin da ka yi, don ka gane daga baya wace alama ce ta yi maka aiki. Ana karanta sunayen 'yan takara da misalin ƙarfe 5:30 na asuba agogon Los Angeles, don haka ka rufe jerinka tun daren da ya gabata.